Tankin Da Ya Kasa Numfashi

Ranar da ya fara ganinta yana durƙushe ne a ƙofar rumfarsa ta bakin ruwa, hannu dumu-dumu da baƙin mai, yana wanke kafireta a cikin gwangwanin madara. Sai ya ji an dire wani abu tim a gabansa. Wata tsohuwar jarka ce, an toshe bakinta da tsumma, tiyo ya leƙo ta tsakiya kamar wutsiyar gafiya.

"Kai ne Injiniya?"

Ya ɗago. Doguwar budurwa ce, mayafinta ya jiƙe da feshin ruwa, tana haki saboda nauyin da ta ɗauko. Sunan nan na Injiniya tsokana ce ta matuƙan jirage, don kowa ya san a aji uku na sakandare ya ajiye biro. Ya yi kwandasta, ya yi walda, ya yi tallan gilashin ido, babu inda ya shekara. Gyaran injin jirgin ruwa ne kaɗai ya iya zaunar da shi wuri ɗaya. Amma yadda ta faɗi sunan sai ya ji kamar takardar shaida aka miƙa masa.

"Ni ne, in dai ba faɗa aka aiko ki ba."

"Faɗan yana tafe. Injin Babana ne yake tari yana mutuwa, ga fasinja cike da jirgi suna ta surutu. Baba ya ce filogi ne. Ni na ce man ne, shi ya sa na ɗauko maka shi."

Ya tsiyayi fetur ɗin a farar kwalba, ya ɗaga ta sama. Ba a jima ba wani farin ruwa ya kwanta a ƙasa, man ya hau kansa.

"Kin fi Babanki gaskiya. Ruwan sama yana bi ta tsumman nan yana shiga. Inji kuma ba ya shan gauraye."

Ta yi murmushi, wushiryarta ta bayyana. A nan ne sifana ta suɓuce daga hannunsa ta faɗa cikin gwangwanin.

Ita ce autar Baba Mai Fito, tsohon da ke tsallakar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, yayyenta duk sun yi aure, mahaifiyarta kuma ta rasu tun tana goye. Kakarta ce ta raine ta. Ita ke jera fasinja, ita ke ɗaure igiya, ita ke ɗauke jarkar mai ta kai gida kullum da yamma saboda ɓarayi. Daga ranar Injiniya ya raɗa mata suna Kyaftin.

Ya bi ta har jirgin. Ya bi hanyar mai tun daga jarka har cikin inji, yana yi yana bayani, duk da ba wanda ya tambaye shi. Tiyon ya tsage yana zuƙar iska. Filta ta toshe da zaren tsumma. Ɗan famfon robar da ake matsawa don tura mai ya bushe kamar ƙafar tsoho. Ya canja na canjawa, ya wanke na wankewa, ya ja igiya sau ɗaya inji ya kama.

Baba bai ce an gode ba. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Bakinka ya fi hannunka aiki."

Bayan kwana uku ta dawo wai injin yana wata ƙara. Ya je ya saurara, lafiya lau. Bayan kwana biyu shi kuma ya je wai ya manta sifanarsa a jirgin. Babu sifana. Haka suka yi ta yi wa injin nan sharri har sai da suka karɓi lambar juna.

"Injiniyana, ka ci abinci kuwa? Ko yau ma baƙin mai ka sha?"

"Kyaftin, tun da na ga jirginku ya tsallaka na ƙoshi. Ki daina tsayawa a bakin jirgi haka, zuciyata ba ta iya iyo ba."

"Allah ya shirye ka. Kaka ta ce in gaishe da mijinta mai ƙazamin farce."

Kaka ta ɗauke shi tamkar jikanta. Tana da ciwon ƙirji, hayaƙi ko wari kaɗan sai ya tayar mata da tari, shi ya sa duk ranar da zai je gaishe ta sai ya yi wanka sau biyu. Ta riƙa ce masa, "Kai miji, in ba ka yi sauri ba zan fasa, in bar wa wannan mummunar kai." Su yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Baba ne dai ya ƙi. Da kawun Injiniya ya je masa da maganar aure, cewa ya yi, "Yaron da bai iya zama a aji ba, bai iya zama a mota ba, bai iya zama a shagon walda ba, shi ne zai iya zama da mace? A bar ni in ga kamun ludayinsa."

Akwai kuma Dila, mai babban shagon sababbin injuna a bakin titi. Farar shadda, agogo, turare. Bai taɓa kwance noti ba a rayuwarsa, amma ya iya durƙusa wa tsofaffi. Shi ma ya aiko neman aurenta.

Injiniya ya rasa abin da zai yi ya burge Baba. Sai ya tuna da jarkar nan. Ya shiga gari ya nemo tanki na gaskiya, ja, mai mariƙi da murfi mai kyau, ya haɗa masa sabon tiyo. Ya kai shi jirgi da kansa. A saman murfin akwai wani ɗan noti ƙarami. Ya sassauta shi, ya ce:

"Baba, wannan ta nan tankin yake shan iska. In za a tashi a tabbata a kwance yake. In aka ɗaure shi, mai ba zai..."

"Na ji, na ji. Ina kan ruwan nan tun kafin a yaye uwarka."

Kyaftin tana can gaban jirgi tana naɗe igiya, ba ta ji ba. Shi kuma da ya juyo ya ga rana ta haska gefen fuskarta, bayanin duk ya bi ruwa.

Sati biyu tankin yana aiki lafiya. Wata ranar Talata da yamma, yana tsakiyar haɗa wani inji, saƙonta ya shigo.

"Injiniyana, tankinka ya yi, har kallonsa ake a tasha. Sai dai warin fetur yana fita ta ɗan notin nan na sama, ya hana Kaka sakat. Na ɗaure shi tam, yanzu tarin ya lafa. Ka ga ni ma na zama injiniya. Ina kewarka kamar ba jiya na gan ka ba."

Ya karanta da gefen ido, yana riƙe da wayar da yatsu biyu. Ya ce a ransa, in na wanke hannu zan gaya mata ta kwance shi da safe. Da ya wanke hannun, layin ƙarshe ne kaɗai ya tsaya masa a rai. Ya rubuta:

"Ni kewarki ta hana ni gane sifana goma da sha biyu. Allah ya ƙara wa matata Kaka lafiya. Sai da safe, hasken idona."

Washegari ya bar wayarsa wurin masu caji, ya shiga gari sayen kayan gyara. Sai bayan azahar ya dawo. Tun daga nesa ya hango taro a bakin ruwa, mata suna salati. Ya karɓi wayarsa ya kunna. Kiranta goma sha ɗaya.

Da hantsi numfashin Kaka ya sarƙe. Asibiti yana tsallake. Suka sa ta a jirgi, Baba ya ja igiya, inji ya kama kamar kullum. Sun kai tsakiyar ruwa sai ya fara shaƙewa, ya yi tari biyu ya mutu. Baba ya ja igiya har tafinsa ya fashe. Filafilin tuƙi ɗaya ne a jirgin, ruwa kuma yana da ƙarfi. Kafin wani masunci ya hango su ya jawo su, Kaka ta cika a kan cinyar jikarta.

Bayan kwana uku Baba ya zo rumfar da kansa, ɗauke da jan tankin. A gaban matuƙa da fasinja ya jefar da shi a ƙafar Injiniya.

"Shekara ashirin jarkata ba ta taɓa barina a tsakiyar ruwa ba. Ka zo da iyayinka ka kashe mini uwa. In na ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidana, ban yafe ba."

Da mutane suka watse Injiniya ya ja tankin cikin rumfa. Gefunansa sun lotsa ciki kamar kumatun mayunwaci. Ya kai hannu kan ɗan notin. A ɗaure yake tam. Ya murɗa shi, tankin ya ja iska da wata doguwar ƙara, fuuu, ya buɗe ya koma daidai.

Ya zauna a ƙasa. Babu abin da ya lalace a injin nan. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har tankin ya riƙe sauran man ya hana. Murɗawa ɗaya da yatsu biyu, da sun isa asibiti.

Ya ciro waya ya sake karanta saƙonta. Na ɗaure shi tam, yanzu tarin ya lafa. Ya karanta amsar da ya ba ta. Sai ya kifa kansa a kan gwiwa ya yi kukan da bai yi ba ko a ranar da aka binne mahaifinsa.

Magana ɗaya zai yi ya wanke kansa. Ya nuna wa Baba notin, ya nuna saƙon. Amma wanke kansa yana nufin ya ɗauki gawar Kaka ya ɗora a kan yarinyar da ta ɗaure notin don Kaka ta samu barci. Ya goge saƙon daga wayarsa. Ya tura tankin ƙarƙashin benci ya rufe da buhu.

Baba ya koma kan jarkarsa, inji ya ci gaba da aiki, kowa ya ce ai ga shaida nan. Matuƙa suka ɗauke ƙafa. Wanda da yake kiransa Injiniya da dariya, yanzu sai ya wuce yana kallon gefe. Rumfar ta koma wurin kwanan awaki.

A sati na biyu saƙonta ya zo.

"Ban ce da gangan ka yi ba. Na san kana son ta. Amma duk lokacin da na tuna fuskarka sai in ji ƙarar igiyar nan da Baba yake ja. Sau goma sha ɗaya na kira ka. Don Allah ka daina tsayawa a bakin tasha kana kallon jirginmu. Ka yafe mini."

Ya rubuta amsa ya goge, ya rubuta ya goge. A ƙarshe ya tura: "To, Kyaftin. Allah ya jiƙan Kaka."

Ummansa ta lura ya daina cin abinci. Wata safiya ta ajiye masa shayi ta zauna a gabansa.

"Ni na haife ka. Kana da rawar kai, kana da surutu, amma ba ka da ha'inci a aiki. Mene ne kake ɓoyewa?"

"Babu komai, Umma."

"Babu komai ne ya mayar da wuyanka kamar na zakara? To in ba za ka faɗa ba, ka tashi ka bar bakin ruwan nan. Kawunka yana neman mai taya shi a gareji."

Da can ko ba a ce ba shi mai tafiya ne. Wannan karon ya kasa. Ya zauna a rumfar da babu ciniki, yana wanke sifanun da ba su yi datti ba, wayarsa a aljihun gaba, cike da caji dare da rana. Daga nan yake jin labari: Dila ya kai gaisuwa, Dila ya kai Baba asibitin ido, an ce bayan damina za a sa rana. Wata rana Dila ya tsaya da motarsa a gaban rumfar, ya sauke gilashi.

"Injiniya, ana hutawa? In kana son aikin goge-goge a shagona ka zo. Gara da zaman banza."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Wata huɗu aka yi a haka.

Wata ranar Asabar da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa kwanon rumfa. Yana tattara kaya sai wayar ta yi ƙara. Ya duba, sunan Kyaftin ne.

"Injiniya!" Iska tana bugun wayar. "Inji ya mutu. Irin na ranar nan ne, wallahi irinsa ne sak."

"Kuna ina? Ke da wa?"

"Ni da Baba da Dila. Sabon inji ya kawo wa Baba, da tankinsa, yau aka ciro su daga kwali. Muka fito gwaji. Ruwa yana jan mu wajen duwatsun ƙasa. Dila ya ja igiya har ya faɗi. Baba ya ce kada in kira ka, ni kuma..."

Ya leƙa waje. Duk jiragen an jawo su tudu saboda hadari, an cire injunansu. Kafin ya ɗaura wani ya isa wurin, duwatsu sun riga shi. Sabon tanki daga kwali. Bai buƙaci a ƙara gaya masa komai ba. Ya kuma san in ya buɗe baki, abin da ya binne wata huɗu zai tashi a gabanta.

Ya rufe ido.

"Kyaftin, ki saurare ni. Matsa famfon robar nan. Yaya yake?"

"Ya shafe. Ya manne kamar an tsotse shi."

"Dubi tankin. Gefensa ya lotsa?"

"Ya lotsa."

"A saman murfin akwai ɗan noti. Murɗa shi hagu."

Ta cikin wayar ya ji ƙarar, fuuu, doguwa, irin wadda ya ji shi kaɗai a rumfarsa.

"Yanzu matsa famfon har ya yi tauri. Ki ce Baba ya ja."

Ja ɗaya, ja biyu. A na uku inji ya ɗauka. Ya ji Dila yana ta kabbara kamar shi ya yi aikin. Injiniya bai kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba. Can ta yi magana, da wata ƙaramar murya da bai taɓa jin ta da ita ba.

"Injiniya. Ɗan notin nan ne?"

Kafin ya buɗe baki ta ƙara tambaya.

"Ranar nan ma shi ne? Wanda na ce maka na ɗaure?"

"Ku fito tudu tukuna, ruwa zai sauko."

"Innalillahi," ta ce. Wayar ta katse.

Kwana biyu bai ji ɗuriyarta ba. Ya kira, a kashe. A rana ta uku da safe yana buɗe rumfa ya ga Baba tsaye, shi kaɗai, ya tsufa fiye da yadda ya san shi. Tsohon ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ina tankin?"

Injiniya ya jawo shi daga ƙarƙashin buhu. Baba ya daɗe yana shafa ɗan notin da babban yatsa.

"Ka gaya mini. A jirgi, ranar da ka kawo shi. Na ce maka na ji. Ban ji ba. Girman kai ne ya toshe mini kunne. Na tsaya a tsakiyar ruwa ina jan igiya kamar mahaukaci, abin yana gaban ƙafata. Sannan na zo nan na tozarta ka a gaban jama'a, kai kuma ka yi shiru. Don me?"

"Baba, in na faɗa, a kanta zai sauka."

"To ga shi ya sauka. Tun shekaranjiya ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ta shiga ɗakin tsohuwar ta rufe. Ta mayar wa Dila kayansa, ta ce ba za ta auri kowa ba, wai hannun da ya kashe Kaka bai cancanci lalle ba." Ya miƙe da ƙyar. "Na ce kada ka ƙara taka ƙofata. Na janye. Ka zo, don Allah. Ni ba ta jin maganata."

Ɗakin Kaka yana nan yadda yake: gadon ƙarfe, carbi a rataye, kwalaben magani a kan taga. Kyaftin tana zaune a ƙasa ta jingina da gadon. Ta rame har idanunta sun yi zuru-zuru. Injiniya ya tsaya daga bakin ƙofa, Baba yana tsakar gida.

"Ka bar ni wata huɗu ina jin haushinka," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Ina kwana ina tashi ina cewa kai ne. Wa ya ba ka izinin ɗaukar mini kayana?"

"Ba naki ba ne ke kaɗai."

"Ni na ɗaure."

"Ke kin ɗaure don ta yi barci, ta kuwa yi. Ni kika gaya wa. Na karanta da idona, na san abin da zai biyo baya, na zauna ina rubuta miki hasken idona. Kalma huɗu ce, ki kwance da safe. Ban rubuta ba. In ana rabon laifi, Kyaftin, nawa kason ya fi naki."

Daga tsakar gida Baba ya ce, "Nawa ya fi na kowa."

Ta ɗago ta dube su, sai kukan ya ɓalle. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Baba ya shigo ya durƙusa ya riƙe kanta, yana cewa, "Kwananta ne ya ƙare, auta. Mu dai Allah ya sa mu a hanyar, ya kuma ga zuciyar kowa." Shi ma hawaye yana bin gemunsa. Injiniya ya juya baya yana kallon bango.

Ba a ranar ta warke ba. Makonni aka yi tana amsa saƙonsa da kalma ɗaya. Shi kuma bai gaji ba.

"Kyaftin, kin karya?"

"Eh."

"Da me?"

"Shayi."

"Shayi ba abinci ba ne. In kika ƙara ramewa iska za ta ɗauke ki daga jirgi, ni kuma na gaya miki ban iya iyo ba."

Rannan ne ta fara turo masa alamar dariya.

Baba kuwa ya tsaya a tsakiyar tasha ranar da ta fi cika, ya tara matuƙa, ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, bai rage nasa ba, bai ambaci 'yarsa ba. Ita ce ta fito daga bayansa ta ce, "Ni na ɗaure notin." Wani tsohon matuƙi ya cire hula ya ce shi ma bara haka ta faru da shi, ya zaci aljanun ruwa ne, har ya sayar da injin. Aka yi dariya mai haɗe da hawaye. Kafin yamma injuna uku suna jiran Injiniya a ƙofar rumfa.

Wata safiya ta zo da gwangwanin farin fenti da ɗan buroshi.

"Tashi. Duk tankin da ke tashar nan sai mun rubuta masa."

Suka bi jirage ɗaya bayan ɗaya. Shi yana riƙe gwangwani, ita tana rubutawa a gefen murfi: KWANCE NI KAFIN KA TASHI. A kan na ƙarshe fenti ya ɗiga a yatsarta. Ta tsaya tana kallonsa.

"Har yanzu ina mafarkin Kaka."

"Ni ma."

"In na aure ka, wata rana zan tashi ina kuka ba dalili. Za ka iya?"

"In kin yi na safe, ni sai in yi na yamma. Kada dai mu haɗa lokaci ɗaya, a rasa mai dafa abinci."

Ta kai masa duka da buroshin, fenti ya ɓata masa riga. "Ka turo kawunka," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Kafin in canja ra'ayi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ba a yi taro mai yawa ba, ita ta roƙi haka. Dila bai zo ba, amma ya aiko da katon ɗin lemo, aka ce ya kyauta. Matuƙa suka zo da wankakkun riguna, wasu ba a taɓa ganinsu da takalmi ba sai ranar.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, Baba ya sa aka kira su biyun cikin ɗakinsa. Umma tana gefe. Ya kama hannun 'yarsa ya daɗe bai saki ba.

"Na ce ba ka iya zama ba," ya ce wa angon. "Ka zauna a inda ni da kaina da na gudu. Ga ta nan. Ba ni da wata bayanta. In ta yi maka laifi ka gaya mata, kada ka sake haɗiye magana don tausayinta, ka ga inda hakan ya kai mu. Ke kuma auta, in ya fara dogon bayaninsa, ki daure ki saurara har ƙarshe."

"Wannan kam sai dai a taya ta da addu'a," in ji Umma. "Tun yana shekara biyu bai rufe baki ba."

Amarya ta yi dariya a cikin mayafi, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Baba ya ɗaga hannuwansa masu kanta.

"Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ku kuma Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da kakansu. Allah ya yi muku albarka."

Suka ce amin. Angon ya buɗe baki zai yi godiya, ya nemi kalma ya rasa. Umma ta dube shi, ta dubi amarya, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. 'Yata, yau kin yi abin da na kasa shekara ashirin da bakwai."